Yadda Za Ka Rabu da Ciwon Gadon Baya da Ɗaga Ƙarfe Ya Bar Maka

Ciwon da ke zama tsakanin allunan kafaɗu bayan ɗaga ƙarfe ba ya cika kwantar da mutum, kuma hakan na cikin abin da ke sa shi daɗewa. Kana zuwa aiki, kana harkokinka, idan jiki ya ɗau zafi har nauyi kana ɗagawa. Sai ka zo waiwayawa, ko ka ja dogon numfashi, ko atishawa ta kama ka, sannan ka ji sukar a gefen ƙashin baya. Yawancin masu fama da shi hanya ɗaya suke bi. Su huta mako biyu, ciwon ya lafa, su koma jim, wato gidan motsa jiki, su ɗora nauyin da suka saba, ciwon ya dawo, su sake hutawa. Haka ake ta kwan-gaba kwan-baya har wata shida ko shekara.

Dalilin a fili yake. Hutu yana kwantar da ciwo, amma yana rage wa bayan ƙarfi. Mutumin da ya huta mako uku ya koma kan kilo 100 ya ɗora wa bayan da ya fi na da rauni nauyin da tun farko ya gagare shi. Aikin da ke gabanka shi ne ka gano nauyin da bayanka zai ɗauka yau ba tare da ya tashi da ciwo gobe ba, ka fara daga nan, ka riƙa hawa da lissafi. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Mataki na 1: Ka tabbatar ciwon na baya ne

Gadon baya wuri ne da wasu cututtukan ciki suke aiko da ciwonsu, don haka kasancewarka mai ɗaga ƙarfe bai isa ya zama hujjar cewa tsoka ce ba. Ka tafi asibiti nan take, ba gobe ba, idan ciwon ya zo da nauyin ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko gumi da tashin zuciya, ko yana sauka hannu ko muƙamuƙi. Haka ma idan wani azababben ciwo ya faɗo maka farat ɗaya tsakanin kafaɗu a tsakiyar ɗaga nauyi, irin wanda ba ka taɓa ji ba, domin babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciya tana iya tsagewa, ko da yake ba kasafai ba. Raunin ƙafafu, tangaɗi wajen tafiya, sagewa daga ƙirji zuwa ƙasa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, duk alamun an taɓa laka ne, kuma ba a jira da su.

Akwai kuma waɗanda ba na gaggawa ba ne amma suna bukatar likita cikin 'yan kwanaki: zazzaɓi ko gumin dare, rama ba dalili, ciwon da ke tashinka daga barci kuma babu kwanciyar da ke sauƙaƙa shi, tarihin ciwon daji ko tarin fuka, daɗewa ana shan magungunan sitiroyid, ko ciwon da ya fara bayan faɗuwa. Tarin fuka idan ya shiga ƙashin baya, wannan yankin ya fi kamawa. Ciwon maɗaciya kuma yakan bayyana a ƙasan allon kafaɗar dama, galibi bayan cin abinci.

Ciwon da ya samo asali daga tsoka ko gaɓa yana da hali guda: motsi yana sauya shi. Akwai juyin da ke tayar da shi, akwai zaman da ke kwantar da shi. Idan naka haka yake, kuma babu ko ɗaya daga alamomin da aka ambata, ka ci gaba.

Mataki na 2: Ka gano daga ina yake tasowa

Ƙashin baya na wannan yanki ƙasusuwa 12 ne jere, kowanne haƙarƙari biyu na maƙale da shi, ɗaya dama ɗaya hagu. A kansu allunan kafaɗu ke zamewa, kuma tsokoki ne kusan kaɗai ke riƙe da allunan a jikin baya. Don haka wurare huɗu ake zargi.

Na farko tsokokin da ke tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya. Su ciwonsu yana tashi idan ka sa su aiki, misali ka ja wani abu zuwa ƙirjinka, ko ka miƙa hannu gaba ka rungume kanka. Na biyu mahaɗar haƙarƙari da ƙashin baya. Wannan ciwon suka ne, kana iya nuna shi da yatsa ɗaya, kamar faɗin yatsu biyu daga tsakiyar baya, kuma dogon numfashi ko tari ko murɗa jiki yana tayar da shi, wani lokaci har ya bi haƙarƙarin ya zagayo gaba. Na uku ƙananan gaɓoɓin ƙashin bayan kansa, waɗanda ke ƙorafi idan ka gantsare ko ka daɗe a zaune.

Na huɗun shi aka fi mantawa: wuya. Ƙasan wuya yana aika ciwo zuwa gefen allon kafaɗa, har mutum ya yi wata da watanni yana tausar baya alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka gwada. Ka zauna, kafaɗu a sake, ka ɗaga kai ka kalli sama, sannan ka juya fuska dama da hagu, sannan ka karkatar da kunne zuwa kafaɗar da ke ciwo. Idan motsin wuya kaɗai ya kunna ciwon bayan da ka sani, to wuyan na da hannu a ciki. Idan har da tsikari ko sagewa zuwa yatsu, ko hannu ɗaya ya rage ƙarfi, ka ga likita kafin ka ci gaba da atisaye. Ka kuma sa wani ya dubi bayanka yayin da kake tura bango da hannu biyu. Allon kafaɗa ɗaya idan ya ɓullo waje fiye da ɗan'uwansa sosai, wataƙila jijiyar da ke motsa tsokar da ke manne shi ce ta samu rauni, wannan ma aikin likita ne.

Kada ka ɗaga hankalinka idan ba ka iya tantance wanne ne ba. Sau da yawa likitoci ma ba sa iya nuna tsoka guda su ce ita ce, kuma hanyar farfaɗowar kusan ɗaya ce. Game da hoto kuma, ka yi hattara da sa rai a kansa. A 1995 wasu likitoci a Amurka sun ɗauki hoton MRI, mai nuna cikin jiki, na wannan sashen baya ga mutum 90 da ba su da ciwo ko kaɗan, sai aka ga faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya ɓullo a kaso 37 cikin 100 na mutanen. Ke nan hoto na iya nuna maka abin tsoro da ba shi ke damunka ba. Ka bar likita ya yanke ko ana bukatarsa.

Mataki na 3: Ka binciki makonnin da suka gabaci ciwon

Kowa yana tuna ranar da bayan ya riƙe, amma asalin matsalar yawanci tana cikin makonni huɗu zuwa shida kafin ranar. Ka zauna da takarda. Ka ƙara nauyi da sauri? Ka ƙara yawan kwanakin atisaye? Ka shigo da sabon motsi? Ka dawo daga dogon hutu ka ɗora daga inda ka tsaya? Barcinka ya ragu a lokacin?

Sannan ka rubuta motsin da ke tayar da ciwon yanzu, a jim da wajen jim, ka jera su daga mafi tsanani zuwa mafi sauƙi. Ka zaɓi guda ɗaya mai sauƙin maimaitawa ya zama ma'auninka na kullum, misali ka zauna a bakin gado, ka rungume ƙirji, ka juya dama iyakar iyawa, ka juya hagu. Za ka bukace shi nan gaba.

Mataki na 4: Ka kwantar da ciwon, mako ɗaya zuwa biyu

Motsi biyu ko uku da ke saman jerinka kawai za ka ajiye. Sauran atisayen da ba sa taɓa wurin ka ci gaba da su: tafiya da sauri, keke, injin tura ƙafa, duk abin da bayan ya yarda da shi. Kwanciya a gado ba ta cikin magani. Likitan nan na Amurka, Gabe Mirkin, wanda ya yaɗa shawarar hutu da ƙanƙara ga 'yan wasa a 1978, shi da kansa ya fito a 2014 ya ce ƙanƙara da cikakken hutu suna iya jinkirta warkewa. Ciwon da ya kwana biyu ya fi son ɗumi. Ka gasa wurin da tawul mai ɗumi ko robar ruwan zafi da aka naɗe a ƙyalle, minti 15 zuwa 20, kada ka yi barci a kai.

Maganin kashe zafi yana da amfani idan ciwon na hana ka barci. Babban mutum ba ya wuce giram 4 na farasitamol a awa 24, kuma ka duba maganin mura da kake sha, da yawa akwai farasitamol a ciki. Ibuprofen da aka saya ba da takardar likita ba kada ya wuce miligiram 1,200 a rana, a sha bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki kawai. Mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko hawan jini, ko ciwon zuciya, ko asma, ko mai juna biyu, ya tambayi likita tukuna. Kada a haɗa shi da diclofenac, dangi ɗaya ne, illarsu ce kawai ke ninkuwa. Na shafawa ya fi sauƙi ga ciki. Tramadol da ire-irensa ba su da gurbi a wannan ciwon.

Doka ɗaya da ba na sassautawa a kanta: kada ka sha maganin ciwo don ka samu damar ɗaga ƙarfe. Ciwon shi ne ma'aunin da za ka yi aiki da shi a mataki na gaba, idan ka rufe masa baki ka rasa abin da zai gaya maka ka wuce iyaka.

Wajen kwanciya, idan ta gefe kake yi, filon kai ya cike tsakanin kunne da katifa, ka rungume wani filon don kada kafaɗar sama ta zubo gaba ta ja wurin dare guda. Rub-da-ciki yana murɗe wuya na sa'o'i, ka bar shi a wannan lokacin. Ka nemi barcin awa 7 ko fiye, ƙarancin barci yana ƙara wa mutum jin ciwo.

Sai maganar tausa da ƙwallon da ake dannawa a bango da sa wani ya ɓalla maka baya ya yi ƙara. Suna da daɗi, kuma sauƙin da suke kawowa na gaske ne, sai dai na ɗan lokaci ne. Minti ɗaya ko biyu na danna ƙwallo ba laifi. Amma wanda ke murza wuri ɗaya sau goma a rana har fatar ta yi tsami, shi ke hana wurin hucewa. Kada kuma ka bari wani ya hau bayanka da ƙafa, haƙarƙari ba su da wannan juriyar.

Mataki na 5: Ka koyi karanta ciwon

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Idan ka ce sai ciwo ya ɓace kwata-kwata za ka motsa, za ka daɗe kana jira. Idan kuma ka ce za ka cije ka danne, ka koma gidan jiya. Tsakanin biyun akwai ma'auni.

Ka ba ciwon maki daga 0 zuwa 10, inda 0 babu komai, 10 kuma mafi tsananin da za ka iya tunani. A lokacin atisaye, 0 zuwa 3 ka ci gaba. Idan ya kai 4 ko 5, ka rage nauyi ko ka taƙaita nisan motsin. Sama da haka, ko suka mai sa ka ɗauke numfashi, ko ciwon da ke ƙaruwa daga ɗagawa zuwa ɗagawa, ka ajiye wannan motsin na yau. Masu bincike a Suwidin ne suka fito da irin wannan ma'auni ga masu ciwon gwiwa da na agara, su har 5 suke bari. Ga baya na fi son mutum ya tsaya a 3, musamman a farko.

Hukuncin gaskiya da safe ake yanke shi. Lokacin atisaye jiki ya yi zafi, ciwo yakan ɓuya. Washegari da ka tashi, kafin wanka, ka zauna a bakin gado ka yi juyin nan da ka zaɓa, ka ba shi maki, ka rubuta. A ce kullum 2 kake samu. Jiya ka yi atisaye, yau ka juya ka ji 2: nauyin jiya ya yi daidai, kana iya ƙarawa kaɗan. Ka ji 3 amma kafin azahar ya koma 2: kana kan iyaka, ka maimaita nauyin jiya, kada ka ƙara. Ka ji 5, har sa riga na ba ka wahala, kuma ya kwana a haka: ka wuce gona da iri, ka rage kamar kashi ɗaya cikin biyar a zama na gaba.

Ka bambanta wannan da tsamin jiki. Tsami yana bazuwa a tsoka gaba ɗaya, dama da hagu, yana kai ƙarshensa kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye, kuma motsi yana sassauta shi. Ciwonka kuwa ka san shi, wuri ɗaya yake zama.

Akwai wani abin da ya kamata ka sani idan ciwon ya haura wata 3. Ƙaramar yagewar tsoka takan haɗe cikin makonni kaɗan. Ciwon da ya zarce haka ba lallai ne yana nufin naman bai warke ba. Sau da yawa jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo ne suka zama masu saurin tashi, tsokokin wurin suka saba da ƙanƙamewa, ƙarfinsu kuma ya ragu saboda an daɗe ana lallaɓa su. Shi ya sa ɗan ciwo a lokacin atisaye ba alamar kana sake yaga wani abu ba ne, kuma nauyin da ake ƙarawa sannu a hankali shi ke koya wa wurin ya daina firgita.

Mataki na 6: Ka dawo da motsin bayan

Minti goma a rana ya isa, tun daga makon farko.

Ka fara da numfashi. Ka kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafukan hannu a gefen haƙarƙarin ƙasa. Ka shaƙi iska ta hanci har ka ji haƙarƙarin na tura hannayenka waje, ka sake ta a hankali, sau 10. Mai ciwon mahaɗar haƙarƙari yakan koma gajeren numfashi bai sani ba, wannan ke buɗe wurin.

Sai ka durƙusa a kan hannaye da gwiwoyi, ka yi doro da bayanka sama, ka dawo ka gantsare, sau 10, hankalinka na kan tsakanin kafaɗu, domin ƙugu ne zai so ya yi aikin duka. Daga nan ka kwanta ta gefe, gwiwoyi a naɗe gaba, hannaye biyu a miƙe a gabanka tafi kan tafi. Ka ɗaga hannun sama ka buɗe ƙirji har ya nufi ɗaya ɓangaren, idonka na bin hannun, gwiwoyi ba sa rabuwa. Sau 8 kowane gefe. Ba dole hannun ya taɓa ƙasa ba.

Na ƙarshe, ka naɗe tawul ya yi kauri, ka sa shi a gicciye ƙarƙashin allunan kafaɗu, ka tallafe kai da hannaye, ka kwanta a kansa ka yi numfashi uku, ka matsar da shi sama kaɗan ka sake. Kada ya sauka ƙugu. Idan gwajin wuya ya nuna yana da hannu, ka ƙara da jan haɓa baya kai tsaye, ba sunkuyawa ba, ka riƙe daƙiƙa 5, sau 10.

Mutane da yawa da suka ji an ce zamansu ne ba daidai ba sai su wuni a sandare, ƙirji a tura, allunan kafaɗu a matse. Wannan gajiyar da tsokokin da ke ciwo ne kawai. Daɗewa a zama ɗaya ya fi karkacewar zaman illa. Ka riƙa tashi duk bayan rabin awa ko makamancin haka.

Mataki na 7: Ka gina ƙarfi, mako huɗu zuwa shida

Sau uku a mako, da kwana ɗaya a tsakani. Mutane sukan tsallake wannan don nauyin ƙanana ne, ba abin nunawa, amma shi ke raba wanda ya warke da wanda ciwon ya lafa masa kawai.

Idan ja yana tayar da ciwon, ka fara da riƙewa. Ka ɗaura robar atisaye a wani abu mai ƙarfi daidai ƙirji, ka ja gwiwoyin hannu zuwa gefen jiki, ka tsaya a nan daƙiƙa 20 zuwa 30, sau 4. Da zarar wannan ya zama ba komai, ka koma ja da saki.

Babban atisayen wannan mataki shi ne ja da ƙirji a jingine. Ka ɗaga bencin atisaye ya karkata, ka kifa ƙirjinka a kansa, dambel, wato ƙaramin ƙarfen da ake ɗagawa da hannu ɗaya, a kowane hannu. Ka ja zuwa gefen ciki, ka tsaya daƙiƙa ɗaya, ka sauke cikin daƙiƙa uku, ka bar allunan kafaɗu su zame gaba a ƙasa kafin ka sake ja. Zagaye 3, kowanne sau 12 zuwa 15. Bencin yana hana ka fizga da ƙugu, kuma saukewar a hankali ita ce rabin amfanin. Idan ka ji kafaɗunka na hawa wajen kunnuwa, nauyin ya yi yawa.

Ka haɗa da waɗannan. Kana kife a bencin, ba nauyi ko da kilo ɗaya, ka ɗaga hannaye gefe su yi siffar harafin T, sannan gaba su yi siffar Y, manyan yatsu na kallon sama, sau 10 kowanne. Za ka yi mamakin yadda hannu zalla ke nauyi. Ka ɗaura roba daidai fuska ka ja ta zuwa goshi kana raba hannaye, sau 15. Ka dafa bango ka yi turi, idan gwiwoyin hannu sun miƙe ka ƙara turawa har allunan kafaɗu su rabu da juna, wannan na tsokar da ke manne allon a haƙarƙari ne. Sannan ka ɗauki dambel biyu masu ɗan nauyi ka yi tafiya taku 30 zuwa 40 a miƙe, sau 3, bayan mako biyu ka koma hannu ɗaya.

Idan ka yi sau 15 a duk zagayen ba wahala, kuma gwajin safe bai motsa ba, ka ƙara kilo ɗaya ko biyu. Ka ci abinci ya ishe ka. Wannan ba lokacin rage ƙiba ba ne, kuma mai gina tsoka yana bukatar furotin wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa a rana.

Mataki na 8: Komawa kan sandar ƙarfe

Ka shirya idan gwajin safe ya zauna a 0 zuwa 2 na mako biyu, numfashi da atishawa ba sa sukarka, kuma nauyin mataki na 7 yana hawa. Ka dawo da manyan motsin ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasan jerinka zuwa sama, wanda ya ji maka ciwon shi ne na ƙarshe. Ka bar mako guda tsakanin shigo da wani da wani, don idan ciwo ya tashi ka san mai laifi.

Ka fara da rabin nauyin da kake yi a da. Wanda ke sikwat, wato tsugunawa da sandar ƙarfe a baya, da kilo 100 sau biyar ya fara da 50, zagaye 3 sau biyar, ya riƙa ƙara kilo 5 a mako. Cikin mako goma ya koma inda yake. Da jin haka za ka ce ya yi nisa, amma ka lissafa watannin da ka riga ka ɓata kana hutu kana komawa. Idan gwajin safe yana ta fitowa lafiya, kana iya ƙara kilo 10 a makonnin farko, ka rage saurin idan ka haura 80. Kowane zagaye ka ajiye sandar alhali kana jin za ka iya ƙara uku ko huɗu. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda: ko nauyi, ko yawan zagaye, ko yawan kwanaki.

Ka duba yadda kake ɗagawar. Ka sa a ɗauke ka bidiyo ta gefe, ya fi madubi, domin juya kai don kallon madubi da nauyi a baya kan jawo irin wannan ciwon shi kansa.

A sikwat, ka sunkuyar da kai ka shafa gindin wuyanka, za ka ji wani ƙashi ya ɓullo. Sandar ba ta zama a kansa. Ƙasa da shi take zama, a kan naman da ke tasowa idan ka ja kafaɗu baya. Idan riƙon hannunka ya matse sosai har kana jin tsakanin kafaɗu na ƙullewa, ka buɗa shi kaɗan. Kafin bayan ya karɓi sanda, kana iya riƙe dambel a ƙirji ka tsuguna.

A dedlif, wato ɗaga sanda daga ƙasa har ka miƙe tsaye, kada ka fizgi sandar. Ka ja a hankali har ka ji ta ɗaure a hannunka, ka matse hammata, sannan ka tura ƙasa da ƙafafu. Sandar ta riƙa gogar ƙafa, duk tazarar da ta yi da jikinka gadon baya ne ke biya. Idonka a ƙasa 'yan taku a gabanka, ba a rufin ɗaki ba. A makonnin farko ka ɗora ƙarfen a kan wani abu ya taso zuwa ƙasan gwiwa, ka riƙa sauke shi mako-mako.

A benci, wato tura sanda sama daga ƙirji kana kwance, ka rage gantsarewar baya, kuma kada ka danna ƙeya cikin bencin idan nauyi ya yi tsanani. A turi sama da kai, ka fara da dambel hannu ɗaya kana durƙushe a gwiwa ɗaya, ka matse ciki don kada ka jingina baya. Ɗaga kafaɗu da nauyi kuma sama da ƙasa ake yi, mulmula su a zagaye ba ya ƙara komai.

Kafin kowane zama, ka yi minti biyar na motsin mataki na 6, sannan ka hau nauyin a matakai: sanda zalla, wadda yawanci kilo 20 ce, sai ka riƙa ƙarawa zagaye uku ko huɗu kafin ka kai nauyin ranar. Ja da ƙirji a jingine da jan roba zuwa fuska su zauna a jadawalinka ko bayan ka warke.

Mataki na 9: Idan ya sake tashi

Zai iya tashi sau ɗaya ko biyu a hanya, kuma hakan bai rushe aikin da ka yi ba. Kwana biyu ko uku ka koma gashi da tafiya da motsin mataki na 6. Da gwajin safe ya dawo inda yake, ka buɗe littafinka ka nemo nauyi na ƙarshe da bayan ya karɓa lafiya, ka ci gaba daga nan ko ƙasa da shi kaɗan. Kada ka koma hutun mako uku. Ka kuma duba abin da ya sauya a makon, sau da yawa ba ƙarfen ba ne, doguwar tafiya ce a mota ko dare biyu ba barci.

Idan ka yi mako shida kana bin tsarin nan da gaske amma makin safe bai sauka ba, ko nauyin ya ƙi hawa, ko ciwon yana yaɗuwa, ka je wurin likitan gashin ƙashi, wato fisiyo, ko likitan 'yan wasa. Ka tafi da littafinka da bidiyon ɗagawarka, za su rage masa rabin aikin bincike. Ka lura ko ya duba wuyanka da kafaɗarka da haƙarƙarinka, ba wurin da ka nuna kaɗai ba. Injin ɗumi da tausa suna iya zama cikin jinyar, amma ka tambaye shi kai tsaye wane atisaye za ka yi a gida, sau nawa, da kuma alamar da za ta nuna lokacin ƙara nauyi ya yi. Idan an yi zama uku ko huɗu ba ka samu amsar waɗannan ba, ka nemi wani wanda ya saba da masu ɗaga ƙarfe.